Tsada Ta Kai, Hidima Ba Ta Kai Ba: Halin Gidajen Sushi A Abuja

Ba kowa ne ya san cewa akwai hannun mutumin Japan a cikin fasalin birnin Abuja ba. Bayan da Janar Murtala Ramat Muhammed ya karɓi shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, aka kafa Dokar Soja mai lamba 6 a watan Fabrairu 1976 wadda ta tanadi sabon Babban Birnin Tarayya, sai aka shiga neman gwanayen da za su zana birnin. Cikin waɗanda aka ɗauka akwai Kenzo Tange, wani mashahurin mai zanen gine-gine daga Japan, shi aka danƙa wa tsara tsakiyar birnin, watau inda manyan ma'aikatun Gwamnati suke. Ran 12 ga watan Disamba 1991 Gwamnatin Tarayya ta taso daga Ikko ta tare a Abuja.

To, ga shi yanzu Japan ta sake shigowa Abuja, amma wannan karon ta ƙofar madafa ta biyo. A unguwannin Maitama da Wuse 2, da kuma cikin manyan otal-otal, an sami gidajen abinci masu sayar da wani abincin Japanawa da ake kira sushi, watau shinkafa da ɗanyen kifi. Ma'aikatan ofisoshin jakadanci, da manyan ma'aikatan Gwamnati, da 'yan kasuwa, da samari da 'yan matan da suka yi karatu a ƙasashen waje, su ne suka fi zuwa waɗannan wurare. Wasu don sun saba da abincin suke zuwa, wasu don su ɗanɗana, wasu kuwa don dai a gan su a can.

Cikin gidajen akwai masu ƙoƙari, ba a hana su yabonsu. Amma kukan da aka fi ji daga bakin waɗanda suka je wasunsu iri ɗaya ne: an biya kuɗi masu yawa, an daɗe ana jira, abin da aka kawo bai taka kara ya karya ba, kuma babu wanda ya kula da ɓacin ran mai saye. Tun da yake ruwa ba ya tsami banza, ya kamata a duba inda wannan matsala ta samo asali, a ware abin da ya fi ƙarfin masu gidajen daga abin da yake sakacinsu ne tsantsa.

YADDA DAREN KAN KASANCE

Magidanci kan ɗauki iyalinsa, ko ɗan kasuwa ya ɗauki baƙonsa, a nufi irin wannan gida da daddare. Tun daga bakin ƙofa ake fara ganin alamun alfarma. Mai gadi ya buɗe ƙofa yana sarawa, a ciki ga fitilu masu dishi-dishi, ga kujeru masu taushi, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ta aiki, ga kiɗa yana tashi har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi sosai. Sai ma'aikacin da ke kai abinci tebur, watau sabis, ya ajiye wata takarda mai kauri kamar littafi, cike da sunayen abinci na Japananci, ya juya ya tafi.

Daga nan jira ya fara. In an yi sa'a sabis ya dawo, aka tambaye shi abin da ke cikin kaza, sau da yawa sai ya ce bari ya tambayo kuku. In an zaɓa, bayan an daɗe sai ya dawo ya ce ai wannan ya ƙare, a zaɓi wani. Sa'ad da abincin ya fara fitowa kuma, ba ya fitowa tare: na wannan ya zo, ya ci ya gama, na abokin zamansa bai iso ba. Shinkafar ta yi sanyi ta yi tauri, alamar daga firiji aka ciro ta. Yankan kifin ya fi kilishi rashin kauri, an kuma lulluɓe shi da mayonis da miya mai zaƙi yadda harshe ba zai iya rarrabe sabon kifi da kwantai ba. Abu ɗaya da ba ya makara shi ne takardar kuɗi. Ba abin mamaki ba ne a ga wanda ya fito daga irin wannan gida ya tsaya wajen mai tsire kafin ya isa gida, don cikinsa bai san an ci abinci ba.

MENE NE SUSHI?

Mutane da yawa suna zaton ma'anar sushi ita ce ɗanyen kifi. Alhali kuwa shinkafar ita ce sushi. Wata irin shinkafa ce gajera mai danƙo, wadda ake dafawa a gauraya ta da ruwan tsamin nan da ake kira kal, da gishiri da sukari kaɗan. In aka dunƙula loma guda da hannu aka ɗora yankan kifi a kanta, sunanta nigiri. In aka shimfiɗa shinkafar a kan busasshen ganyen teku da ake kira nori, aka sa kifi ko kokwamba a tsakiya aka naɗe kamar tabarma aka yanyanka, sunansa maki. Ɗanyen kifi zalla ba shinkafa kuwa, shi ake kira sashimi. Akan haɗa da ruwan waken soya mai gishiri, da yankakkiyar citta, da wani koren yaji mai hawa hanci da ake kira wasabi.

Asalin abin wata dabara ce ta adana kifi. Kamar yadda masuntan Yawuri da Baga suke yin banda don kada kifi ya lalace, haka mutanen dā a kudu maso gabashin Asiya suke cusa kifi cikin gishiri da dafaffiyar shinkafa, su rufe shi watanni har ya yi tsami, sa'an nan su zubar da shinkafar su ci kifin. Dabarar ta isa Japan, kuma har yau ana yin irin wannan tsohon sushi a gaɓar Tafkin Biwa. Daga baya aka gane cewa in an sa ruwan kal za a sami tsamin nan ba tare da jiran watanni ba, aka kuma fara cin shinkafar tare da kifin.

ASALINSA ABINCIN BAKIN TITI NE

Sushin da duniya ta sani yau an fi danganta shi da wani mutum mai suna Hanaya Yohei, wanda aka haifa a 1799 ya rasu a 1858. A wajejen shekarun 1820, a birnin Edo, wanda yanzu ake kira Tokyo, ya shahara da dunƙula shinkafa a gaban mai saye ya ɗora kifi a kai ya miƙa masa. Abincin leburori da masu sana'a ne, a rumfunan bakin titi ake sayar da shi, a tsaye ake ci, kuma lomar wancan zamani ta ninka ta yanzu girma. A taƙaice dai, matsayinsa a Edo shi ne matsayin tsire a Kano ko Zariya.

Akwai wani abin lura a nan. A zamanin Yohei babu firiji, babu janareta. Saboda haka kifin da aka kamo a tekun da ke gaban birnin shi ake amfani da shi, kuma ba a barinsa haka nan: wani a jiƙa shi cikin ruwan waken soya, wani a sa masa gishiri da kal, wani a tafasa shi. Gwanintar ke nan, watau mutum ya san abin da ke kusa da shi, ya san yadda zai sarrafa shi.

Girgizar ƙasar da ta rushe Tokyo a 1923 ta watsa masu wannan sana'a zuwa sauran garuruwan Japan. A 1958 wani mai suna Yoshiaki Shiraishi ya buɗe gida a yankin Osaka inda faranti ke yawo a kan bel a gaban masu ci, kowa ya ɗauki wanda ya so, abin da ya sa sushi ya yi araha ga talaka. Daga Japan ya ƙetara Amurka, inda aka ƙirƙiro naɗin da ake sa wa fiya da naman ƙaguwa, daga can ya bazu duniya har ya iso Nijeriya.

HIDIMA A CIKIN ABINCIN TAKE

Tuwo yana jira a cikin kwano, dafa-duka tana jira a cikin kula. Sushi ba ya jira. Ƙa'idarsa ita ce shinkafar ta kasance da ɗan ɗumi kwatankwacin ɗumin jikin mutum, kifin kuwa da ɗan sanyi, a ci da zarar an dunƙula. In ya zauna a madafa yana jiran sabis, shinkafar za ta bushe, kifin ya ɗumame, ganyen nori ya jiƙe ya yi yauƙi. In kuma tun da rana aka naɗe aka sa a firiji, shinkafar za ta ƙandare. Ashe ke nan a wannan sana'a jinkirin sabis ba ɓata lokaci kaɗai yake yi ba, abincin kansa yake ɓatawa. Wanda aka sa ya yi dogon jira ya yi asara biyu.

Don haka ne Japanawa suke ɗaukar shekaru suna koyon wannan aiki. Suna da wata magana mai nuna cewa shekara 3 ake yi ana koyon dafa shinkafa, 8 kuma kafin hannu ya faɗa da dunƙulawa. Wani tsoho mai suna Jiro Ono, wanda aka haifa a 1925, ya yi suna a duniya da wani ɗan ƙaramin shago mai kujera 10 kacal, a ƙarƙashin ƙasa kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ginza a Tokyo. Babu kiɗa, babu ado, babu littafin jerin abinci mai kauri. Loma kimanin 20 ake ba mutum, ɗaya bayan ɗaya, daga hannun mai yi zuwa gabansa. A wani fim da aka yi a kansa a 2011 an nuna yadda wani almajirinsa ya soya ƙwai fiye da sau 200 kafin maigidan ya ce ya yi. A wannan shago ne Firayim Minista Shinzo Abe ya kai Shugaban Amurka Barack Obama cin abinci a watan Afrilu 2014. Bugu da ƙari, a Japan ba a ba sabis tukwici. A ganinsu kyautata wa baƙo yana cikin abin da aka riga aka biya.

DALILAN TSADA

Adalci ne a faɗi cewa duk wanda zai sayar da sushi a Abuja lalle ne ya sayar da tsada. Abuja ba ta bakin teku, tsakaninta da Ikko ya fi kilomita 700 ta hanyar mota. Kifin ruwan daɗi irin su tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa ba a cinsu ɗanye, saboda tsutsotsin da kan zauna a jikinsu. Kifin salmon, wanda aka fi nema a gidajen sushi, na ruwan sanyi ne, ba ya rayuwa a ruwayen Nijeriya, sai an ɗauko shi daga ƙasashe irin su Norwe. Abin dariya ma shi ne Japanawa kansu ba su saba cin salmon ɗanye ba, mutanen Norwe ne suka tallata musu shi tun daga tsakiyar shekarun 1980 har suka karɓa. Ita dai wannan Norwe ɗin ce ke aiko wa Nijeriya busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake kira okporoko a kudu. Bambancin shi ne okporoko yana iya yin watanni a jirgin ruwa bai damu ba, salmon kuwa dole ya kasance cikin sanyi tun daga inda aka kama shi har teburin mai ci.

Shinkafar ma baƙuwa ce, don wadda ake nomawa a Kabi da Kano da Jigawa doguwa ce mai warwarewa, ba ta dunƙuluwa. Ganyen nori, da wasabi, da ruwan waken soya, duk daga waje ake shigo da su, kuma da dala ake saye. A watan Yuni 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa shinkafa da kifi cikin kayayyaki 41 da ya hana masu shigo da su samun kuɗin waje a farashin Gwamnati, ba a ɗage wannan hani ba sai a watan Oktoba 2023. A watan Yuni 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake saye kimanin Naira 460 a farashin Gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura Naira 1,500.

Sai kuma batun wuta. A watan Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki ga waɗanda ke rukunin A, watau masu samun wuta sa'a 20 a rana, daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni, ga shi kuma a cikin wannan shekara babban layin wutar ƙasa ya faɗi sau da dama. Mai ajiye ɗanyen kifi ba shi da damar kashe injin ƙanƙara ko na dare ɗaya, dole janareta ya yi ta shan mai. In aka haɗa da kuɗin haya a Maitama, za a ga cewa tsadar tana da tushe. Ko a Japan ma kifi mai kyau ba araha gare shi ba: a watan Janairu 2019, a gwanjon farkon shekara na kasuwar Toyosu a Tokyo, wani mai gidajen sushi, Kiyoshi Kimura, ya sayi kifin tuna guda ɗaya mai nauyin kilo 278 a kan Yen miliyan 333.6.

INDA UZURI YA ƘARE

Amma fa duk waɗannan dalilai tsada kawai suke bayyanawa. Dala ba ta hana a gaishe da baƙo. Kuɗin lantarki ba ya hana a gaya wa mutum tun farko cewa kaza da kaza sun ƙare. Nisan teku ba ya hana a kawo abincin mutum 4 a lokaci ɗaya. Waɗannan ba da kuɗin waje ake sayensu ba, tarbiyyar aiki ce, kuma a nan ne wasu masu gidajen suka gaza. Sukan zuba miliyoyi a kan fitilu da kujeru da gilasai, domin su ne ke fitowa a hoto, sa'an nan su yi ƙwauron abin da za su kashe wajen koyar da ma'aikata.

Shi ma sabis ɗin abin tausayi ne. Galibin masu irin wannan aiki ba a cikin birni suke kwana ba, daga Nyanya da Mararaba da Kubwa da Lugbe da Suleja suke sammako, kuma tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu 2023 kuɗin mota ke cinye babban rabo na albashinsu. A watan Yuli 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a wata, dokar kuma ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Yaron da bai taɓa sa sushi a bakinsa ba, ba a kuma taɓa zaunar da shi an yi masa bayani ba, yaya za a yi ya ba wani shawara a kai? In ya gaji ya bar aikin, sai a ɗauko sabo a miƙa masa riga, a koma gidan jiya.

Wani abin kuma shi ne sauya kaya. Mafi yawan abin da ake kira wasabi a duniya ba shi ba ne, wata saiwa ce mai yaji da ake niƙawa a sa mata koren launi. Abin da ake kira naman ƙaguwa a cikin naɗi sau da yawa niƙaƙƙen farin kifi ne da aka rina bayansa ja. Wannan ba laifi ba ne in an faɗa wa mai saye, an kuma yi masa farashin da ya dace. Laifin shi ne a sayar da jabu a kuɗin na ainihi. A 2013 wata ƙungiya mai suna Oceana ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a Amurka a kan samfurin kifi 1,215, ta tarar kashi ɗaya cikin uku ba sunansu na gaskiya aka sa musu ba, a gidajen sushi kuwa abin ya kai kashi 74 cikin 100. Yawancin abin da aka sayar da sunan farin tuna wani kifi ne mai maiƙo da ake kira escolar, wanda kan sa gudawa, wanda kuma Japan ta hana sayarwa tun 1977. In haka ta faru a inda ake da masu bincike birjik, to mai saye a ko'ina sai ya buɗe ido.

BATUN LAFIYA DA NA HALAL

Rashin kula a gidan sushi bai tsaya ga aljihu ba. Kifin teku kan ɗauki wata tsutsa da ake kira anisakis, wadda in ta shiga cikin mutum da rai takan jawo matsanancin ciwon ciki da amai. Wuta tana kashe ta, sanyi mai tsanani ma haka. Shi ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a daskarar da kifin da za a ci ɗanye a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri har kwana 7, ko digiri 35 ƙasa da sifiri na sa'a 15. Kifin tuna kuma in ya zauna cikin ɗumi yakan tara wani sinadari mai sa jan fuska da ƙaiƙayi da ciwon kai, wanda ko dafuwa ba ta kawar da shi. Sabon kifi ba ya ƙarni, namansa da ƙarfi yake, yana sheƙi. Wanda aka kawo wa mai ƙarni ko mai yauƙi, ya mayar da shi, kada kunya ta sa ya ci. Likitoci kuma suna shawartar mata masu juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi da marasa ƙarfin jiki su guji ɗanyen kifi.

Har ila yau akwai abin da ya shafi Musulmi. A girkin Japanawa ana amfani da mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi wadda ƙarfinta ya kai kimanin kashi 14 cikin 100, da kuma giyar sake. Akan sa su a cikin miyar da ake shafa wa wasu kifaye, da cikin soyayyen ƙwai, wani lokaci har cikin shinkafar. Akwai madadinsu marasa giya. Hakkin mai saye ne ya tambaya, hakkin gidan ne kuma ya ba shi amsa ta gaskiya. Gidan da ma'aikatansa ba su san abin da ke cikin tukunyarsu ba, bai cancanci kuɗin da yake karɓa ba.

LISSAFIN TAKARDAR KUƊI DA ABIN DA DOKA TA CE

Farashin da ke rubuce a jerin abinci sau da yawa ba shi ne abin da za a biya ba. Tun watan Fabrairu 2020 harajin kayan masarufi, watau VAT, ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100. Gidaje da yawa kuma sukan ƙara abin da suke kira kuɗin hidima. A ɗauka, alal misali, abincin ya kama Naira 100,000, kuɗin hidima kuma kashi 10 ne. Haraji zai zama Naira 7,500, hidima Naira 10,000, jimla Naira 117,500. Wannan ƙari na Naira 17,500 daidai yake da rubu'in mafi ƙarancin albashin wata guda. Haraji na Gwamnati ne, babu gardama a kansa. Amma kuɗin hidima fa? Wanda ya biya yana da damar tambaya ko yana isa hannun sabis ɗin, yana kuma da damar tambayar wace hidima aka yi masa.

Doka ba ta bar mai saye a banza ba. A farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gasar Kasuwanci da Kare Hakkin Masu Saye ta Tarayya, wadda aka fi sani da FCCPC. Dokar ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana farashi a fili, ta hana shi karɓar fiye da abin da ya bayyana, ta kuma hana yaudara a kan irin kayan da ake sayarwa. Ta ce wanda aka yi wa aiki yana da hakkin a yi masa a kan lokaci, a sanar da shi in za a yi jinkiri, a kuma yi shi da ingancin da ake tsammani. In an gaza, yana iya neman a gyara ko a mayar masa da wani sashe na kuɗinsa. Hukumar ta nuna ba da wasa take ba a watan Fabrairu 2024, sa'ad da ta rufe wani babban kanti a Garki saboda farashin da ke jikin kaya ya saɓa da wanda ake karɓa a wurin biya.

Saboda haka wanda aka ɓata wa rai, maimakon ya huce a kan sabis, gara ya nemi manajan gidan ya yi masa bayani cikin natsuwa, ya duba takardar kuɗi layi-layi, ya adana rasit. In ba a saurare shi ba, ƙofar hukuma a buɗe take. Abin da ke ɗaure wa sakaci gindi shi ne mutane da yawa suna ganin ƙorafi a irin wannan wuri zubar da girma ne, kada a ce ba su da kuɗi ko ba su waye ba. Sai su biya su fita suna gunaguni a mota, gobe a yi wa wani haka.

DARASI DAGA WAJEN MAI TSIRE

Ba sai an je Tokyo za a koyi yadda ake girmama mai saye ba. A kasuwar Barikin Mogadishu, wanda aka fi sani da Barikin Abacha, wadda ta yi suna wajen gasasshen kifi, mai saye shi ke nuna kifin da yake so, a yi ciniki a gabansa, a gasa yana gani. Mai tsire kuwa tun kafin a ce masa kome zai yanko ɗanɗano ya miƙa, ya yanka naman a kan idon mai saye, ya tambaye shi ko a ƙara yaji da albasa, in ya gama ya yi masa gyara. Ya san sunan mai zuwa kullum, ya san irin yankan da yake so. Abin da Hanaya Yohei ya yi a Edo ke nan, shi ne kuma abin da Jiro Ono ya riƙe har shugabannin ƙasashe suka zauna a kujerunsa.

Masu gidajen sushi a Abuja suna iya ɗaukar wannan darasi ba tare da sun kashe dala ko ɗaya ba. Su rage yawan jerin abinci zuwa abin da suke iya kawowa sabo, su rubuta ranar da kifi ya iso, su faɗi gaskiyar abin da ke cikin kowace loma, su nuna cikakken farashi tun farko, su kuma ɗanɗana wa ma'aikatansu abincin, su koya musu, su biya su abin da zai sa su zauna. Tekun Gini ma yana da kifin tuna, da shi tashoshin Tema a Gana da Abijan suka yi suna, ga kuma jatan lande a gaɓar Nijeriya. Wanda ya mai da hankali ga na kusa zai rage dogaro ga na nesa.

Mai kuɗi ba ya ƙin tsada in ya ga abin da ya saya. Abin da ke ƙona masa rai shi ne ya biya kuɗin alfarma a yi masa riƙon sakainar kashi. Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Gidajen sushi na Abuja sun riga sun shimfiɗa tabarma mai tsada, saura ta fuska.